Cin Ƙwaya a Lungu: Yadda Wasan Akwati Ya Taso Daga Tokiyo Ya Iso Adar

Duk wanda ya zauna a wata fada ta samari a birnin Tawa wajen shekarun 2004 zuwa 2008 zai iya tuna wannan yanayi: buta tana kan gawayi, ana jiran shayi na biyu, hira ta ɗan lafa, sai ka ga kawuna uku ko huɗu sun haɗu a kan wata ƴar salula ƙirar Nokia. Mai riƙe da ita ba kira yake yi ba. Wani baƙin layi yake korawa a kan allon da bai kai faɗin akwatin ashana ba, layin yana bin ƙwaya yana haɗiyewa, yana ƙara tsawo, har ya ci karo da bango ko da jelarsa. Daga nan sai a yi shewa, na kusa ya karɓa. Sunan wasan Snake, amma mu "maciji" muke ce masa, kuma babu wanda ya taɓa koya mana shi.

Wannan maƙala tana bin sawun macijin nan ne zuwa asalinsa, wato wasannin lungu na akwatunan sulalla da suka bayyana a Amurka da Japan tsakanin 1973 da 1982, domin a ga abin da ya sa wasa mai ƙarancin ƙa'ida irin wannan ya ratsa harsuna da ƙasashe har ya sami mazauni a Adar.

Akwatin da ke cin sulalla

Kafin kwamfuta ta shiga gidaje, wasan lantarki a bainar jama'a ake yin sa. Akwati ne na katako mai tsawon mutum, da gilashin telebijin a cikinsa, da ƴar sandar tuƙi a gaba, da wata ƴar kafa inda ake jefa kuɗi. A Amurka santi 25 ake jefawa, a Japan kuwa yen 100. Ana ajiye irin waɗannan akwatuna a gidajen shan shayi da mashaya da tashoshi da zaurukan da aka keɓe musu. Mai akwatin ba ya samun riba sai mutane da yawa sun yi wasa a yini, saboda haka dole mai wucewa ya fahimci wasan da kallo ɗaya, dole kuma wasan ya ƙare cikin ƴan mintoci, ya bar mutum da jin cewa da ya sake gwadawa da ya fi haka. Ga kuma ƙarancin ƙarfin injin na wancan zamani, wanda ba ya iya zana fuska ko itace ko doki. Abin da yake iyawa shi ne layi da ɗigo. Daga waɗannan matsi biyu, na ɗan kasuwa da na inji, aka haifi wasan lungu, domin bango layi ne kawai, abinci kuma ɗigo.

Kamfanin Atari na Kalifoniya ne ya fara fitar da irinsa a 1973, da wani wasa mai suna Gotcha, inda mutum biyu suke shiga lunguna masu sauyawa, ɗaya yana kora ɗaya yana gudu. Bai yi kasuwa sosai ba. A 1976 kamfanin Gremlin ya fito da Blockade, inda kowane ɗan wasa yake barin bango a bayansa duk inda ya bi, wanda ya fara karo shi ya faɗi. Mai karatu ya riƙe wannan suna, domin shi ne kakan macijinmu. A 1979 kuma Gremlin da Sega suka fitar da Head On: mota tana zagaya hanyoyi tana tsince ɗigo, wata motar tana tahowa ta gaba don su yi karo. A nan ne aka fara haɗa lungu da cin ƙwaya.

A wannan shekara ta 1979 ɗin dai wasu ɗaliban Jami'ar Tokiyo suka ƙirƙiro Heiankyo Alien. Sun ɗauki taswirar tsohon birnin Heian-kyo, wato Kiyoto ta yau, wanda ya zama fadar Japan a shekara ta 794 kuma aka tsara titunansa a miƙe suna gittawa, suka saka dogarin birni a ciki yana fuskantar dodanni. Dogarin ba shi da bindiga. Rami yake haƙawa a kan hanya, ya koma gefe, in dodo ya faɗa sai ya yi maza ya binne shi. Duk maharbin da ya taɓa ɗana tarko a kan turbar namun daji zai gane wannan dabara ba sai an yi masa bayani ba.

Shekarar 1980

A lokacin, wasan da ya mamaye zaurukan Japan shi ne Space Invaders na kamfanin Taito, wanda ya fito a 1978, wasan harbi ne, masu yin sa kuma galibi maza ne. Wani matashin ma'aikaci a kamfanin Namco, Toru Iwatani, haihuwar 1955, ya so ya yi wasan da mata da masoya za su shiga zaure dominsa. Sai ya bar harbi ya kama ci. Ya zana wani rawayan da'ira mai baki, wanda ba shi da ido ko hannu, ya samo masa suna daga "paku-paku", yadda Japanawa suke kwaikwayon motsin bakin mai cin abinci. An fara gwada akwatin a unguwar Shibuya ta Tokiyo ranar 22 ga Mayu 1980 da sunan Puck Man. Da kamfanin Midway ya kai shi Amurka a ƙarshen shekarar, sai aka mayar da sunan Pac-Man, don gudun kada ɓatagari su kankare harafin farko su mai da shi zagi. Akwatuna fiye da 100,000 aka sayar a Amurka kaɗai.

Ya kamata a tsaya a dubi tsarin wasan da kyau, domin a nan sirrin yake. Filin gaba ɗaya yana kan allo ɗaya, babu abin da yake ɓoye. A cikin lungunan akwai ƙananan ƙwayoyi 240 da manya 4, ɗaya a kusa da kowace kusurwa. Aikinka ka cinye su duka. Fatalwowi huɗu suna fitowa daga wani ɗaki a tsakiya suna bin ka, wadda ta taɓa ka ta kashe ka. Maɓallin harbi babu, sandar tuƙi ce kawai mai zuwa sama da ƙasa da dama da hagu. Iyakar ƙa'idar ke nan, kuma yaro ɗan shekara shida zai ɗauke ta kafin a gama zuba shayi.

Sai dai a ƙarƙashin wannan sauƙi akwai hikima. Fatalwowin huɗu ba halinsu ɗaya ba. Ja tana bin ka kai tsaye, duk inda ka sa ƙafa nan take nufa. Mai ruwan hoda ba inda kake take nema ba, taki huɗu a gabanka take nufa, domin ta tare ka. Shuɗiya tana lissafa wurin zuwanta ne daga inda kake da inda jar take, shi ya sa ba a cika sanin ta inda za ta ɓullo ba. Mai ruwan lemo kuwa tana matsowa, amma da zarar ta zo kusa da kai da taki takwas sai ta juya ta nufi kusurwarta kamar ba ta gan ka ba. Sunayensu na Japananci ma halayen nan suke nunawa: mai kora, mai kwanton ɓauna, mai sauyin rai, da mai yin kamar bai sani ba. Bugu da ƙari, ba kullum suke kora ba. Lokaci zuwa lokaci sai su watse kowace ta koma kusurwarta na ƴan daƙiƙoƙi, ɗan wasa ya sami numfashi, sa'an nan su dawo. Iwatani ya fahimci cewa wanda ake kora ba hutu gajiya yake yi ya tafi, ba ya sake jefa sulai.

Babban abin da ya kama zukata shi ne manyan ƙwayoyin nan huɗu. Da zarar ka haɗiye ɗaya, fatalwowin sai su koma shuɗaye, su juya da gudu, kai kuma ka bi su. Ta farko maki 200 ce, ta biyu 400, ta uku 800, ta huɗu 1,600. Na ɗan lokaci kaɗan mai gudu ya zama mai kora. Bahaushe ya daɗe da sanin daɗin wannan juyi. A tatsuniyoyinmu Gizo ba shi da ƙarfin Kura, ba shi da na Zaki, amma yakan ja su har inda dabararsa za ta ci su. Gwanin Pac-Man ma haka yake yi: ba ya gaggawar cin babbar ƙwaya, sai ya tsaya kusa da ita ya jira fatalwowin su taru a bayansa. Amma damar tana raguwa yayin da ake hawa, har daga mataki na 19 fatalwowin ba sa ƙara yin shuɗi ko kaɗan. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Duk wannan an rubuta shi ne cikin umarnin da bai wuce kilobait 16 ba. Hoto ɗaya da muke aika wa juna ta WhatsApp a yau ya ninka haka sau da yawa. Ƙarancin wurin ya bar tabonsa: ma'ajin da ke ƙirga matakai ba ya iya wuce 255, saboda haka a mataki na 256 rabin allon na dama yakan rikice ya cika da haruffa da alamomi, ba a iya gama shi. Wannan ne ya sa wasan yake da iyakar maki, 3,333,360, kuma sai a 1999, shekara 19 bayan fitowarsa, aka fara shelanta cewa wani ya kai ta.

Da yake fatalwowin lissafi suke bi, masu naci sun gano cewa in ka haddace hanya ɗaya ka bi ta ba kuskure, ba za a taɓa kama ka ba. Mutum sai ya yi awa guda a kan sulai ɗaya, mai akwati yana asara. Maganin ya fito daga wasu tsofaffin ɗaliban jami'ar MIT da suka kafa kamfanin General Computer Corporation. Gyaran da suka yi wa wasan shi ne Midway ya fitar a 1982 da sunan Ms. Pac-Man, mai filaye huɗu daban-daban, da fatalwowin da aka saka wa ɗan rashin tabbas a tafiyarsu domin hadda ta daina aiki.

Adar a waɗancan shekaru

Idan aka jera waɗannan shekaru kusa da tarihin Adar, za a ga dalilin da ya sa akwatin sulalla bai zama abin kowa ba a nan. Shekarar da Gotcha ya fito, 1973, ita ce tsakiyar babban farin da ya karkashe dabbobin Azawak da arewacin Adar. A 1984, lokacin da Namco ya mayar da Pac-Man cikin kaset don na'urar gida ta Famicom da Nintendo ya fitar a 1983, mutanenmu suna fama da yunwar da aka laƙaba wa El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A wannan shekarar ce kuma aka fara aikin farfaɗo da ƙasa na Keita. Akwati mai nauyi, mai buƙatar lantarki dare da rana, mai cin kuɗi kowane minti uku, ba shi da wurin zama a garin da ake auna hatsi da tiya ana lissafin kwanakin da za ta kai.

Amma Adar ƙasar matafiya ce. Tun da daɗewa samarin Tawa da Keita da Buza da Illela da Tamaske suke tafiya cin rani Abijan da biranen Najeriya da Libiya da sauran wurare, su dawo da rediyo da agogo da keke da labarin abin da suka gani. Ta irin wannan hanya, da ta kasuwannin kan iyaka, wasan lantarki ya shigo, kuma a ƙanƙance ya shigo. A shekarun 1990 kwaikwayon Famicom da ake ƙerawa a Taiwan da Sin ya bazu a kasuwannin duniya da araha, har da na Afirka ta Yamma, tare da kaset ɗin da ake rubuta wa cewa yana ɗauke da wasanni ɗaruruwa ko dubbai, alhali ƴan kaɗan ne ake maimaitawa. A cikin ƴan kaɗan ɗin nan sau da yawa akwai Pac-Man, akwai kuma Battle City na Namco na 1985, inda tankar yaƙi take ratsa lungunan bulo tana tsaron gidanta. Sai dai wannan na'ura tana buƙatar telebijin da wuta, don haka ta tsaya a gidajen birni masu hali da shagunan da yara suke biyan ƴan daloli su yi wasa.

Macijin da ya shiga aljihu

Abin da ya kai wasan lungu har ƙauye salula ce. A 1997 wani injiniyan kamfanin Nokia a ƙasar Finlan, Taneli Armanto, ya saka Snake a cikin wayar Nokia 6110. Tunanin na Blockade ne na 1976, sai dai an mai da shi na mutum ɗaya: bangon da kake bari a bayanka ya zama jikinka, kuma kowace ƙwaya da ka ci tana ƙara masa tsawo. A nan babu fatalwa. Cin da kake yi shi ne yake gina lungun da zai kashe ka, kuma duk wanda ya yi wasan ya san lokacin da allo yake cika, ya rasa inda zai juya. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana. Nokia 3310 ta shekarar 2000, wadda aka sayar da guda miliyan 126, ta zo da Snake II, mai filaye masu bango a ciki. Nokia 1100 ta 2003, mai ƴar tocila a ka, ita ma da shi ta zo, kuma an sayar da fiye da miliyan 250.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijar a 2001, ta bazu daga manyan birane zuwa kasuwannin karkara cikin shekarun da suka biyo. Ƴan kasuwar hatsi da na albasa sun saye ta don jin farashi, iyalan ƴan cin rani kuma don jin muryar nasu. Wasan kyauta ya zo a ciki, ba wanda ya nema. Ba ya cin kati, ba ya buƙatar layi ya kama, batir kuma yana kwanaki kafin a kai shi wurin mai caji ranar kasuwa. Maɓallai huɗu ne, 2 da 4 da 6 da 8. Wanda ya yi lakwal da wanda ya yi makarantar allo da wanda bai yi ko ɗaya ba, duk ɗaya suke a gabansa, domin babu Faransanci ko Turanci da za a karanta kafin a fara. A nan an raba wasan lungu da kafar jefa sulai.

Abin da ya tarar a nan

Wasan bai sauka a ƙasar da ba ta san irinsa ba. Dattawan da suke zama a gindin bedi suna dara ba su buƙatar komai sai gurabe 30 da aka tona a ƙasa, biyar sau shida, da tsinke 12 a hannun wannan, tsakuwa 12 a hannun wancan. Ana zubawa, sa'an nan a riƙa matsawa gurbi ɗaya, wanda ya jera uku ya ci ɗaya daga na abokin karawarsa. Filin duka a buɗe yake, ƙa'idar gajeriya ce, ƙwarewar kuma sai an yi shekaru. Ƴan kallo suna tsaye a kai suna ganin kuskuren da mai wasa bai gani ba, kamar dai yadda kawuna suke haɗuwa a kan ƴar Nokia. Haka kokawa, wadda aka fara gasarta ta ƙasa a nan Tawa a 1975: baƙon da bai taɓa shiga fili ba yana zama zai gane wanda ya yi kaye. Yaron da ya tashi a tsofaffin unguwannin Tawa, garin da ya samo asali daga haɗuwar Bilbis da Fakwa, ya yi ƴar ɓuya a lungunan da ba su miƙe ba, ya san wanda yake ɓullewa da wanda yake mutuwa a ƙofar gidan wani, ya san kuma cewa wanda ake kora ba ya shiga lungun da bai san ƙarshensa ba. Abin da gwanin Pac-Man yake haddacewa ke nan.

Saboda haka farin jinin waɗannan wasanni bai rataya ga kyan hoto ba, tun da hoton ma kusan babu. Ya rataya ga abubuwan da ɗan Adam ya sani tun kafin lantarki: neman abinci, gudun abin da ya fi ka ƙarfi, da sanin hanya. Ya rataya kuma ga adalcin da ke cikinsu. In ka faɗi, ka ga inda ka yi kuskure da idonka, ba ka da wanda za ka zarga, shi ya sa hannu yake komawa.

Kammalawa

Duniya ta riga ta ɗauki waɗannan wasanni a matsayin kayan tarihi. A 2010 Google ya saka Pac-Man a shafinsa na farko don cikarsa shekara 30, a 2012 kuma gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke birnin New York ya shigar da shi cikin taskarsa. A wajenmu kuwa ƴar Nokia ta ba da wuri ga waya mai shafawa, wasannin da suke cikinta kuma da yawansu suna buƙatar intanet, suna katse ka da talla, suna neman ka sayi rai ko makami, wasu ma caca ce tsagwaronta da aka yi wa rigar ƙwallon ƙafa. Kafar jefa sulai ta dawo, kuma a wannan karo tana cikin aljihun yaro dare da rana. Akwatin 1980 ko ba komai yakan gaya maka farashinsa kafin ka fara, in kuɗinka ya ƙare kuma ka tafi gida.

Matasan da suke karatu a Jami'ar Tawa, wadda take ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin tarihin Adar, suna riƙe da wayoyin da suka fi injin Pac-Man ƙarfi sau dubbai. Wanda a cikinsu ya yi sha'awar ƙera wasan da kakarsa a Tamaske da ƙanensa a Abijan za su iya yi ba tare da an fassara musu komai ba, yana da misalai biyu a gabansa. Ɗaya an rubuta shi a Tokiyo cikin kilobait 16. Ɗayan kuma ana tona shi da yatsa kowace la'asar a gindin bedi, gurabe biyar sau shida.